Tukunyar da ke Ƙarƙashin Benenmu a Ma'adi

Babu wanda ya gaya mini ana sanyi a Masar. Duk waɗanda na yi wa sallama a Funtuwa, da wanda ya taɓa zuwa da wanda labari kawai ya ji, zafi suke ambata mini da rairayi. Saboda haka atamfofi na cika akwati da su, sai rigar sanyi ɗaya tal ta Nusaiba. Sai da muka fito daga filin jirgin Alƙahira iska ta ratsa ni har cikin haƙora, na waiwaya na ga 'yata a kan keken asibiti ta cusa hannuwa cikin hijabi, sannan na gane kuskurena.

Nusaiba sikila gare ta. Shekararta goma sha bakwai a lokacin, ciwon kuma ya cinye mata ƙashin ƙugu na dama har ta daina takawa, likitocinmu suka ce sai an sauya shi. Abbanta ba zai iya barin aiki da sauran yara ba. Ni malamar firamare ce, hutu na nema na taho da ita, Larabcina kuwa bai wuce na karatu da addu'o'i ba. Wanda bai taɓa renon mai sikila ba, ba zai gane abin da sanyi yake a wurinmu ba. Ga sauran mutane abin ƙorafi ne, a ja bargo a wuce. Ga Nusaiba kuwa shi ke tayar da ciwon, ƙasusuwanta su ɗauka kamar ana sassaƙa su, in ya hau ƙirji kuma sai abin da Allah ya yi.

A unguwar Madinat Nasr muka fara sauka, wurin Hafsatu, 'yar ƙanwar maƙwabciyata, wadda ke karatu a can. Ita da wasu ɗalibai mata suka haɗu suka kama gida, suka matsa mana gefe a ɗakinta. Yaran kirki ne. Amma gidan, tun daga ƙofa har banɗaki tayil ne, bangon kuma kamar an fito da shi daga firji. A garin nan cikin ɗaki ya fi waje sanyi. Ranar farko Hafsatu ta ja ni banɗaki ta nuna mini wani farin akwati a bango, mai ɗumama ruwa da gas, wanda suke kira sakhan.

"Anti, in kin kunna wannan, kada ki rufe taga, ko da sanyi zai karya ki," in ji ta. "Iskar da yake fitarwa ba ta da warin komai. Kanki zai fara juyawa, ki ji barci, shi ke nan. Duk hunturu sai an ji labarin wanda aka fasa ƙofa aka ɗauko."

Daga ranar, in Nusaiba na wanka, ina tsaye a bakin ƙofa ina kiran sunanta. Taga a buɗe, iska na shigowa, ruwan zafi na zuba. Ban san wanne zan fi tsoro ba.

Ba mu daɗe ba ciwon ya tashi. Aka kwantar da ita, aka yi ta ƙarin ruwa da allurai. Likitan da zai yi mata aikin, wani dogon mutum mai furfura a gefen kai, ya yi mini magana da Turanci a hankali don in gane.

"Ba zan sa mata wuƙa ba sai jikinta ya natsu. Ki samar mata ɗaki mai ɗumi. In ta sake kwanciya irin wannan, ɗage aikin za mu yi."

Neman ɗaki mai ɗumi shi ya kai mu unguwar Faisal. Wani dillali ya hau da ni wani bene a wani lungu da rana ba ta leƙawa, ya nuna mini na'urar sanyaya ɗaki a bango yana murza tafin hannu yana cewa, "Sukhn, sukhn," wato zafi take bayarwa. Ya ce wuta aka ɗauke, shi ya sa ba zai gwada mini ba. Na yarda, na ba shi kuɗin kama gida. Da muka tare na kunna, iska mai sanyi ta feso mana. Na kira lambarsa, a kashe. Na sayo hita ta lantarki na jona, ba a jima ba na ji ƙaurin roba, soket ɗin ya yi baƙi yana hayaƙi dab da katifar da Nusaiba ke kwance, ita kuwa ba ta iya tashi ta gudu. Da muciyar katako na fizge wayar. Bayan nan gorunan roba nake cikawa da ruwan zafi in jera mata a jiki. In sun huce in sake dafawa. Abbanta in ya kira, sai in ce lafiya lau muke, in fita baranda in yi kukana.

A ɗakin jiran asibiti Allah ya haɗa ni da Zahra. Ina rarrashin Nusaiba ta sha magani, sai na ji an ce a bayana, "Baiwar Allah, Hausa nake ji?"

Baƙar mace ce siririya, ta naɗe jikinta da mayafi irin na matan Sudan. Kakanninta daga ƙasar Katsina suka tashi a ƙafa za su aikin Hajji, suka zauna a Sudan, yaƙi kuma ya koro ta Alƙahira. Hausarta irin ta tsofaffi ce, tana surka ta da Larabci. Aikinta kula da wata tsohuwa Kirista mai suna Madam Samira, wadda ta kawo ganin likita ranar. Na ba ta labarinmu tun daga farko. Ta kalli hannuwan Nusaiba, ta kalle ni.

"Ki bari in yi wa Madam magana, 'yar'uwa. Ɗanta yana da ɗan gida a hawan ƙarshe na benenmu, ya yi shekaru a waje, a rufe yake. Kuma benenmu yana da tukunya."

Ban gane abin da take nufi da tukunya ba sai da muka koma.

Tsohon gini ne a unguwar Ma'adi, a wani layi mai manyan itatuwa. Mai gadinsa, wanda suke kira bawwab, wani dattijo ne mutumin kudancin Masar, Am Sha'aban, mai rawani da jallabiya toka-toka. Ɗakinsa na ƙarƙashin matattakala. Matarsa tana ƙauye wurin 'yarsu da ta haihu. Shi ya ɗauki Nusaiba da kekenta ya sa a lifta, yana ce mata "ya binti", wato 'yata. Da muka shiga gidan na ga a ƙarƙashin kowace taga akwai wani ƙarfe mai haƙarƙari, kamar lagireton mota amma babba. Na taɓa, na janye hannu. Zafi.

Washegari Am Sha'aban ya kira ni da Zahra ya gangara da mu ƙarƙashin ginin, ya buɗe wata ƙofar ƙarfe. Ga ta nan, tukunyar, baƙa, ta kai girman ƙaramar mota, tana gurnani, wuta na haskawa ta wata 'yar kafa, warin man dizal ya cika wurin. Na ja da baya. Ya yi dariya, ya riƙa bayani Zahra na fassara mini. Ita kaɗai ce ke dafa ruwa wa ginin duka. Injin tura ruwa ya kora shi cikin bututu, ya hau gida-gida ya ratsa waɗancan ƙarafan, ya bar zafinsa a ɗakuna, ya sauko da sanyinsa a sake dafa shi. Ba mai makunni a gidansa. Da safe ya kunna wa kowa, in rana ta ɗaga ya kashe, da Magariba ya sake kunnawa. Kuɗin mai kuma raba shi ake yi kan kowace ƙofa, da wanda ya ji ɗumi da wanda ya yi tafiya.

"Ya ce ku na sama ku ne ƙarshen samu," in ji Zahra. "Sai kowa ya ɗiba kafin ya iso gare ku. Ki yi haƙuri da shi, yana zuwa."

Kwanakin farko tsoron ƙarafan nake. In ruwan ya fara hawowa sai su riƙa ƙwanƙwasa, kamar mutum na buga bango da guduma daga ciki, ni kuwa in tuna abin da na gani a ƙasa, in ce yau za ta fashe da mu. Na sauka a guje na kira Am Sha'aban. Ya hau da wani ɗan mabuɗi ya murɗa gefen ƙarfen, iska ta fito tana huci, sai ruwa ya ɗigo, ya rufe. "Khalas, ya Hagga," in ji shi, wato shi ke nan, Hajiya. Ƙarar ta lafa. Nusaiba ta fara barci sosai, ta fara cin abinci, har ta koma tsokanata kan yadda nake furta sunayen kayan miya a kasuwa. Likita ya duba jininta ya yi murmushi, ya sa mana ranar aiki.

Ana saura 'yan kwanaki, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na ji hayaniya a zauren ƙasa. Masu gidajen ne suka taru. Na tsaya a matattakala ina leƙe. Wani ƙaton mutum mai gilashi, Ustaz Magdi, shugaban ƙungiyar masu gidajen, shi ke ta ɗaga murya yana nuna ƙofar ƙarƙashin ƙasa. Am Sha'aban na tsaye a gefe, hannu a baya, ba wanda ya tambaye shi komai. Na ga ana ɗaga hannuwa. Na ga an watse.

Zahra ta hau ta same ni. Ba ta zauna ba.

"Sun ce a kashe tukunya. Daga yau."

"Zuwa yaushe?"

"Gaba ɗaya. Mafi yawansu sun sa na'urori masu ba da zafi a gidajensu, sun ce ba za su ci gaba da sayen mai don mutum biyu-uku ba. Ustaz kuma ya ce tsohuwa ce, bututun hayaƙinta ya tsage, gyara kuwa ba wanda zai biya."

"Ki kai ni in roƙe shi."

"'Yar'uwa, ke 'yar haya ce, baƙuwa kuma. Ko Madam da ta aiko ni in ce ba ta yarda ba, ba su saurara ba."

Duk da haka muka je gidan Ustaz Magdi. Ya buɗe ƙofa rabi, ya saurari Zahra, ya ce "Ma'alish," wato in yi haƙuri, ya ce in sayi hita, ya rufe. Na sayo. Wayoyin hawan ƙarshe sun tsufa, da na jona sai wutar gidan ta ɗauke, na sake, ta sake ɗaukewa. Na tuna Faisal na naɗe ta na ajiye. A makon ne kuma aka yi ruwan sama, iska ta riƙa kaɗawa ta gefen tagogi. Sanyin rufin bene ya sauko mana kai tsaye. Na koma ga goruna. Ranar Lahadi Nusaiba ta ce gwiwarta. Ranar Litinin ta ce bayanta. Da yamma ta dafa ƙirji ta ce, "Umma, nan ma ya fara," tana kallona kamar ita ta yi laifi.

Na sauka sayo magani. A dawowa na zauna a kan matattakala kusa da ɗakin Am Sha'aban, kuka ya ƙwace mini. Ya fito da kofin shayi ya ajiye a gefena. Bai iya Hausa ba, ban iya yarensa ba. Ya nuna sama ya ce, "Nusaiba?" Na dafa ƙirjina na nuna masa. Ya ce wani abu da na tsinci sunan Allah a ciki, ya koma ɗaki.

Da gari ya waye, ƙwanƙwasar nan ce ta tashe ni daga gyangyaɗin bayan Asuba. Na miƙa hannu na taɓa ƙarfen. Da ɗumi. Na ɗauka masu gidajen ne suka sake shawara. Na jawo katifar Nusaiba dab da shi, ta manna bayanta, a hankali na ga fuskarta ta saki, barci ya ɗauke ta. Na yi ta hamdala. Da hantsi ya yi na dama kunun gyaɗa na zuba a kwano, na ce bari in kai wa dattijon nan.

Ɗakinsa a buɗe, ba kowa. Ba a share zaure ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Na ji gurnanin tukunyar ta ƙarƙashin ƙafata, alhali a ƙa'ida ya kamata a ce an kashe ta tuni. Na gangara. Ƙofar ƙarfen a rufe, an cusa tsummoki a ƙasanta, don kada ƙara ko hayaƙi su fita zaure. Na ƙwanƙwasa. Na kira sunansa. Na tura da kafaɗa, ta buɗe.

Zafi da wari suka buge ni. Yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, rawaninsa ya zame, kansa ya langaɓe a kafaɗa, bakinsa a buɗe. Kafin in kai gare shi na ji kaina ya fara juyawa, kunnuwana suna ƙara. Maganar Hafsatu ta faɗo mini. Kwanon ya suɓuce. Zuciyata ta ce in gudu, in na faɗi a nan wa zai hau wurin Nusaiba? Amma na riga na kama wuyan jallabiyarsa. Na ja. Mutumin da ake gani siriri, nauyinsa kamar buhun siminti. Na ja shi har bakin ƙofa, na fita na shaƙi iska, na dawo na sake ja. A gindin matattakala ƙarfina ya ƙare. Na buɗe baki na kurma ihu da Hausa, "Wayyo jama'a! Ku taimaka!" Ba wanda ya fito. Sai na koma salati da ƙarfi, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!" ina maimaitawa. Wannan kowa ya gane. Ƙofofi suka fara buɗewa.

Ustaz Magdi ne ya fara isowa, ba takalmi. Ya toshe hanci da hannun riga ya shiga ya kashe tukunyar, shi da wasu maza suka kinkimi Am Sha'aban zuwa bakin titi. Ana ta marinsa ana yayyafa masa ruwa, bai motsa ba. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi. Ni ina zaune a gefen titi ina amai.

'Yan sanda suka zo bayan Azahar. A zauren suka zaunar da ni, masu gidajen sun kewaye ni, Zahra na gefena a tsorace, don ita ma takardunta ba su gama daidaita ba. Jami'in ya karɓi fasfona ya juya shi, ya sa a aljihun rigarsa. Ustaz Magdi yana magana yana nuna ni yana nuna sama.

"Me yake cewa?"

"Ya ce don ku aka kunna. Ya ce jiya an gan ki zaune a ƙofar ɗakinsa." Ta juya ta saurari jami'in. "Jami'in yana tambaya, kin ba shi kuɗi ya kunna?"

"Wallahi ban ba shi ba. Ban ma roƙe shi ba. Kuka kawai na yi."

Ta fassara. A raina ina ganin an sa ni a mota, ina ganin Nusaiba ita kaɗai a sama, ba ta iya kai kanta banɗaki, ba ta san inda uwarta ta shiga ba. In dattijon nan ya mutu, wa zai ce ba ni ba ce?

Muna nan har La'asar ta kusa, wayar jami'in ta yi ƙara. Ya saurara, ya yi 'yan tambayoyi, ya kashe. Ya ciro fasfona ya miƙo mini. Zahra ta damƙe hannuna.

"Ya farfaɗo. Abokin aikin jami'in ya tambaye shi a asibiti. Ya ce ba wanda ya sa shi. Ya ce shi ne sanyi ya dama, ya kunna don ya ji ɗumi."

A yammacin ranar Madam Samira ta aiko a sauko da mu. Tana zaune a kujerarta, bargo a gwiwa, ta nuna falonta mai na'urar zafi, ta ce nan za mu kwana har a gama, wanda bai so ba ya zo ya same ta. Ciwon ƙirjin bai yi nisa ba. An ɗan ɗage aikin, sannan aka yi, Allah ya ba da sa'a. Tukunyar kuwa aka sa wa ƙofarta kwaɗo.

Am Sha'aban bai dawo ba. Hayaƙin ya taɓa shi, hannunsa na rawa, yana mantuwa, masu gidajen kuma sun ce ya saɓa umarni. Daga asibiti 'ya'yansa suka wuce da shi ƙauye. Na nemi lambarsa, wadda ke wurin Zahra ba ta shiga.

Nusaiba ta fara takawa da sanduna lokacin da matarsa ta zo kwashe kayansu. Zahra ta shigo ta ce, "Matar Am Sha'aban, Umm Ahmad, tana ƙofa, ke take nema." Duk tsoron da na ji a garin nan, ban ji irin na wannan matar ba. Mijinta ya rasa lafiya, ya rasa aiki, sun rasa ɗaki, a kan 'yar wata baƙuwa da ba ta taɓa gani ba. Na fito ina shirin karɓar duk abin da za ta faɗa.

Gajeriya ce, cikin baƙaƙen kaya, idanunta sun kumbura. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta wuce ni ta tsaya gaban Nusaiba, ta dube ta daga sama har ƙasa, ta dubi sandunan. Ta kama hannunta ta riƙe cikin nata, ta daɗe. Sannan ta yi magana, ba tare da ta kalle ni ba.

Zahra ta fassara mini.

"Ta ce abubuwa da yawa sun ɓace masa, ranar ma ba ya tuna ta duka. Amma abu ɗaya yake ta tambaya, ya ce kada ta dawo ba ta ji ba. Wai zafin ya kai sama kuwa?"

Nusaiba ce ta amsa, da ɗan Larabcin da ta tsinta a gadon asibiti.

"Wasal," ta ce. "Ya kai. Har na yi barci."

Matar ta gyaɗa kai, ta saki hannun, ta gyara mayafinta. Ta sauka ta ɗauki ƙullin kayanta ta tafi tasha.